MASAUKIN TALAKA A BABBAN BIRNI: WA KE DA ALHAKIN BAƘO?

Matafiyin da ya sauka daga mota a Ikko da almuru, da jaka a kafaɗa da 'yan kuɗin jarinsa ƙulle a lalita, tambaya ɗaya ce a ransa: ina zai kwana? In yana da ɗan'uwa a Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago, to, ya huta. In kuwa ba shi da kowa, sai ya shiga neman ɗakin da aljihunsa zai iya ɗauka. Haka ɗalibin da ya zo jarrabawa, da mai jinyar da ya kawo mara lafiya babban asibiti, da mai neman biza, da magidancin da ya kawo iyalinsa su ga teku. Manyan otal-otal na Ikeja da tsibirin Biktoriya sun fi ƙarfinsu, don kuɗin kwana ɗaya a can yana iya cinye guzurin tafiyar duka.

Saboda haka sai su nufi ƙananan masaukai na bayan tasha da lungunan unguwanni. Waɗansu masaukan suna da tsabta da amana, waɗansu kuwa ɗaki ne kawai da katifa da ƙofa mai sakata. Baƙo, ko da manyan idanu, ba ya ganin gari, balle ya rarrabe na kirki da na banza cikin dare. Ashe ke nan akwai bukatar wani wanda zai duba masa tun kafin ya iso. Wane ne wannan?

ZAMANIN FATOMA

A da, wannan tambaya tana da amsa. Fataken da ke bin hanyar Gwanja sayen goro, ko masu shigowa Kano cin kasuwar Kurmi, ba su kwana a titi. Kowane falke yana da fatoma, watau mai masaukinsa. Shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in ciniki ya rikice. Ladansa yana fitowa daga la'adar cinikin da baƙon ya yi.

Hausawan da suka zauna a Kudu sun tafi da wannan al'ada. Wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963, ya kuma buga littafi a kanta a 1969. Ya bayyana yadda mai gida ke saukar da fataken shanu daga Arewa, ya ciyar da su, sa'an nan in an sayar wa mahauta shanu bashi, shi ne mai lamuni. In kuɗin baƙo ya salwanta a hannun mai gida, labari zai kai Arewa kafin wata ya ƙare, daga nan kuma ba wanda zai sake sauka wurinsa. In gardama ta yi tsanani, akwai Sarkin Sabo.

Abin lura a nan shi ne, ba lasin a bango, ba taurari a ƙofa, amma kowane baƙo ya san sunan mutumin da ke da alhakinsa, ya kuma san inda zai kai kuka. Har yanzu wannan tsari bai mutu ba a kasuwannin shanu da na goro da na gwari. Sai dai birni ya yi girma, matafiya sun yi yawa, kuma galibinsu ba fatake ba ne da za a ci la'adarsu.

DAGA BARIKI ZUWA OTAL

Da Turawa suka zo, sai suka gina bariki a garuruwa don saukar jami'ansu masu rangadi. Daga baya gwamnatoci suka gaji waɗannan gidajen baƙi, suka kuma shiga gina otal-otal, irin su Hamdala a Kaduna, da na tafkin Bagauda wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako a Jihar Kano.

An kafa ƙungiyar kula da yawon buɗe ido ta Nijeriya a 1962. A 1976 gwamnatin soja ta kafa hukuma sosai da Doka mai lamba 54, daidai lokacin da ake shirin bikin al'adun baƙar fata na duniya, watau FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977. Mutane kimanin 16,000 suka halarta daga ƙasashe fiye da 50. Don saukar da su aka gina unguwa sukutum a Ikko mai gidaje wajen 5,000, ita ce ake kira Festac har yau. A Kaduna kuma aka gina otal ɗin Durbar saboda baƙin hawan daba. Da biki ya watse, sai aka raba gidajen Festac ga jama'a ta hanyar ƙuri'a. Shi kuwa Durbar, bayan ya daɗe a rufe, an rushe shi a 2020.

Mai karatu zai lura cewa duk wannan ɗawainiya ta manyan baƙi ce. Masaukin talaka ya tsiro ne da kansa, a hannun 'yan kasuwa, ba tare da wani ya zana masa tsari ba.

SHARI'AR IKKO DA TARAYYA

A 1992 aka yi Doka mai lamba 81, wadda ta kafa hukumar bunƙasa yawon buɗe ido ta ƙasa, ta kuma ba ta ikon yi wa otal-otal rajista da rarraba su daraja-daraja a ko'ina cikin Nijeriya. Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, sai Jihar Legas ta ce ba ta yarda ba. Ta tsaya a kan tata dokar ba da lasin otal, ta kuma gyara ta a 2010. Kafin nan, a 2009, ta yi wata dokar da ta ɗora harajin kashi 5 cikin 100 a kan kuɗin da baƙo ya biya na ɗaki da abinci da abin sha.

Nan fa masu otal suka shiga tsaka mai wuya. Yau jami'an Tarayya su zo da takardarsu, gobe na Jiha su zo da tasu, kowa yana cewa shi ne mai iko. Gwamnatin Tarayya ta kai ƙara Kotun Ƙoli, tana dogara da wata gaɓa ta Tsarin Mulkin 1999 wadda ta ba ta ikon kula da zirga-zirgar 'yan yawon buɗe ido.

Ran 19 ga Yuli, 2013, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, kotu ta yanke hukunci, Mai Shari'a Suleiman Galadima ne ya karanta. Kotun ta bayyana cewa abin da gaɓar nan ke nufi shi ne shigowa da fitar baƙi daga ƙasashen waje. Amma ba da lasin otal, da duba shi, da yanka masa daraja, aikin Jihohi ne. Da haka dokokin Legas suka tsaya da ƙafafunsu. A 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta sake fasalin hukumar ta ƙasa, amma hukuncin kotu yana nan daram.

Ma'anar wannan ita ce, alhakin baƙon da ya kwana a Kano yana wuyan Gwamnatin Kano, na Fatakwal yana wuyan Gwamnatin Ribas, na Ikko kuma yana wuyan ta Legas. Ba sauran wanda zai ce yana jiran umurni daga Abuja.

HARAJI YA YI GABA

To, amma samun iko daban, aiki da shi daban. Abin da ya fi saurin isa ƙofar masauki shi ne mai karɓar haraji. Akwai harajin kayan masarufi na Tarayya, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100 a watan Fabrairun 2020. Akwai na Jiha, akwai kuɗin ƙasa, da na allon talla, da na shara, da na Ƙaramar Hukuma. Ƙungiyoyin masu otal sun daɗe suna kuka a kan wannan. A ƙara da kuɗin man janareto da na ruwa.

Babban otal yana iya jurewa, don zai ɗora wa attajirin baƙonsa. Mai ɗakuna goma a bayan tasha kuwa hanya biyu gare shi. Ko dai ya ƙara kuɗin ɗaki har talaka ya gaza, ko kuwa ya sauke allonsa ya ci gaba da karɓar baƙi a ɓoye. In ya ɓuya, duba-gari ba zai leƙa makewayinsa ba, 'yan kwana-kwana ba za su tambayi ƙofar gudun gobara ba, ba kuma littafin da za a rubuta sunan wanda ya shiga da wanda ya fita. Ran da aka yi sata, ko gobara ta tashi, ko aka tarar da gawa a ɗaki, sai a rasa bakin zaren. Wanda ya fi kowa asara shi ne baƙon nan mai lalita.

SABON SALO

Ana cikin wannan sai ga wani salo. Tun da aka kafa kamfanin Airbnb a Amurka a 2008, mutum yana iya ba da hayar gidansa na kwana biyu ko mako ta intanet, baƙo ya biya ta waya ba tare da sun ga juna ba. A Ikko abin ya kankama a Lekki da Ikoyi da Ikeja, musamman a watan Disamba sa'ad da 'yan Nijeriya mazauna ƙasashen waje ke dawowa hutu. Ga iyali mai mutum biyar ko shida, gida ɗaya mai madafa yakan fi ɗakunan otal uku sauƙi. Amma duk gidan da aka mayar masaukin kwana-kwana, an fitar da shi ke nan daga hannun mai neman hayar shekara.

Manyan biranen duniya sun riga sun ɗanɗana wannan. A Landan, tun 2015, ba a yarda mutum ya ba da gidansa irin wannan haya fiye da dare 90 a shekara ba sai da izni. A Niyok, tun watan Satumbar 2023, wajibi ne mai gida ya yi rajista, ya kasance yana cikin gidan tare da baƙinsa, kuma kada su wuce mutum 2, in zaman bai kai kwana 30 ba. A Basalona ta ƙasar Sifen, magajin gari ya ba da sanarwa a 2024 cewa lasin gidaje fiye da 10,000 zai ƙare a ƙarshen 2028, ba kuwa za a sabunta ba, saboda tsadar haya tana korar 'yan gari.

Dokar Niyok ta sharɗanta mai gida ya zauna tare da baƙonsa. Wannan kuwa shi ne abin da fatoman Kano da mai gidan Sabo suke yi tun kaka da kakanni.

ABIN DA YA KAMATA

Ba lalle ne Jihohin Nijeriya su kwafi dokar kowa ba, don matsalar nan ta ƙarancin masauki mai araha ce, ba yawansa ba. Rufe ƙananan masaukai zai jefa matafiya kwanan tasha da gindin gada. Abin da ake bukata shi ne a jawo su fili.

Da farko, a sauƙaƙa rajista, a yi ta a ofis ɗaya, kuɗinta kuma ya dace da yawan ɗakuna. Na biyu, a haɗa harajin Jiha da na Ƙaramar Hukuma ya zama biya ɗaya da rasit ɗaya. Na uku, a tsaya a kan abubuwan da rai ya rataya a kansu: ruwa mai tsabta, makewayi, abin kashe gobara, ƙofar fita ta biyu, da littafin baƙi. Na huɗu, a liƙa kuɗin ɗaki a kanta inda kowa zai gani, tare da sunan mai masaukin da ofishin da za a kai ƙara. Gidajen intanet su ma su shiga wannan layi. Sarakunan Hausawa na Kudu da shugabannin tasha da na kasuwa, waɗanda su ne baƙo ke fara tambaya, a ba su jerin masaukan da aka duba.

Hausawa sun ce baƙonka Annabinka. Kotun Ƙoli ta riga ta nuna wanda ke da alhakin baƙo tun 2013. Saura Gwamnoni da 'yan Majalisun Jihohi su aika da mai duba ƙofar gobara kafin su aika da mai karɓar haraji. Allah Ya kai kowane matafiyi masaukinsa lafiya, amin.