Dodon Da Ba Ya Cizo: Hira Kan Littattafan Soyayyar Mutum Da Wanda Ba Mutum Ba

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda suka ce data ba ta isarsu su saurari murya.

Yau dai sai kun yi haƙuri da ni, domin zan taɓa littattafan da wasunku suke ji da su kamar ƙwai. Wata 'yar uwa ce ta turo min saƙon murya, ta ce: "Anti, wai me kike samu a labarin yarinya ta so mai shan jini? Ni ko bangon littafin na gani sai in ji tsigar jikina ta tashi." Na yi dariya, amma tambayar ta kwana biyu tana yawo a kaina. Na daɗe ina karanta irin littattafan nan. Wasu na kwana a kansu har aka kira assalatu, wasu kuma ko rabi ban kai ba na ajiye. Da na zauna na yi lissafi, sai na ga ashe abu guda ne yake raba su a wurina.

Amma bari mu fara warware sunaye, don mutane na cakuɗa su. Akwai wanda Turawa ke kira faranomal: labarin yana faruwa a duniyarmu ɗin nan, da makaranta, da mota, da waya, sai dai saurayin ba mutum ba ne. Ko bamfaya ne, wato gawa mai rai da ke rayuwa da jini, ko mai rikiɗa ne ya zama kyarkeci, kamar dai yadda ake ba mu labarin masu rikiɗa kura. Sai kuma na fantasi, inda marubuciya ke gina wata duniya daban tun daga tushe, da sarakunanta, da taswirarta, da yaƙoƙinta. Idan soyayya ce ƙashin bayan wannan na biyun, yanzu ana ce masa romantasi, sunan da ya yi tashe ta hanyar masu tallar littattafai a TikTok. Kuma dukkansu akwai wata doka da masu buga littattafan soyayya a Amurka da Ingila suke bi: dole masoyan nan su ƙare tare cikin farin ciki. In ɗaya ya mutu ko aka rabu, to sunansa wani abu ne daban, ba littafin soyayya ba. Ku riƙe wannan dokar, za mu dawo kanta.

To shi bamfayan nan, asali fa ba abin so ba ne. A ƙauyukan gabashin Turai, gawa ce kumburarriya da aka yi imani tana fitowa daga kabari tana addabar danginta. Wani likita, John Polidori, shi ne a 1819 ya sa masa kayan manya ya mai da shi basarake mai shiga taron masu kuɗi. Bram Stoker ya zo da Dracula a 1897, har lokacin dodo ne, farautarsa ake yi. Sai a 1976 Anne Rice ta ba shi baki, a littafinta Interview with the Vampire, ya zauna yana ba da labarin kansa, yana nadama, yana kukan kaɗaici. Kun ga daga ranar da dodo ya fara ba ka tausayi, ai saura ƙiris a ce ana son sa. Haka kuwa aka yi. Christine Feehan ta fito da Dark Prince a 1999, Charlaine Harris ta fito da Dead Until Dark a 2001, sannan a 2005 Stephenie Meyer ta saki Twilight, kasuwa ta buɗe gaba ɗaya.

Twilight ɗin nan shi ne ƙofar da yawancinmu muka shiga ta ciki, wasu ta littafi, wasu ta fim ɗin 2008. Kuma ba zan yi butulci ba, na farkon ya kama ni. Bella, 'yar shekara 17, ta koma wajen mahaifinta a Forks, wani ɗan gari a jihar Washington da rana ba ta cika fitowa ba. Ta haɗu da Edward, wanda aka mai da shi bamfaya tun 1918, lokacin annobar murar nan da ta kashe miliyoyin mutane. Shi da danginsa sun haramta wa kansu jinin mutum, na dabba suke sha. Amma ƙamshin jinin Bella ya fi na kowa jan sa. Wato duk lokacin da ya zauna kusa da ita, kamar mai azumi ne aka ajiye wa ruwan sanyi a gaba da tsakar rana. Wannan shi ne abin da ya riƙe ni. Son da yake mata da yunwar da yake ji a kanta, a jiki ɗaya suke zaune.

Ga ma'aunina ke nan, jama'a. In na ɗauki irin littafin nan, tambaya ɗaya nake yi: me son wannan halittar zai ci wa yarinyar? Nawa ne kuɗinsa? In za ta zama irinsa, sai ta rabu da uwa da uba, ta ga ƙawayenta sun tsufa sun mutu tana nan, ta rasa haihuwa, ta riƙa jin ƙishin jinin mutanen da take ƙauna. Littattafai uku Meyer ta yi tana nuna mana wannan farashin. Sai aka zo na huɗu, Breaking Dawn, a 2008. Wanda bai karanta ba ya toshe kunne. Bella ta haihu. Ta zama bamfaya, amma ita ƙishin bai dame ta kamar sauran sababbin shiga ba. Mahaifinta na nan yana zuwa gaishe ta. Aka tara runduna za a gwabza, aka tsaya aka yi magana, kowa ya kama gabansa. Wallahi ji na yi kamar an daɗe ana ciniki da ni a kasuwa, ina ta tara kuɗi, sai a ƙarshe mai kaya ya ce ai kyauta ne. Kyauta da daɗi a rayuwa, amma a labari tana kashe shi. Dokar nan ta ƙarewa cikin farin ciki ba ta ce kada a biya komai ba. Cewa ta yi su ƙare tare.

Kuma in dodo ya daina cizo, me ya rage? Namiji kyakkyawa, mai kuɗi, mai kishi, wanda ba a ce masa a'a. In kuna ganin sharri nake yi, ku tuna Fifty Shades of Grey na E. L. James, wanda ya fito a 2011. Asalinsa labari ne da ta rubuta a intanet da sunayen Edward da Bella. Aka cire haƙoran, aka canza sunaye, aka ba shi kamfani da jirgi, labari ya tsaya da ƙafarsa. Ni wannan ya nuna min cewa a wurin masu karatu da yawa, ba shan jinin ba ne abin sha'awar, ikon ne.

A nan ne kuma nake da damuwa, musamman saboda ƙannenmu. Edward yana shiga ɗakin Bella da dare yana kallonta tana barci, ba ta sani ba. A littafi na uku har motarta ya lalata don kada ta je wajen abokinta Jacob. Da saurayin unguwa ne ya yi haka, ai sai a tara masa dattawa. Amma da yake ba mutum ba ne, sai labarin ya ce halittarsa ce, kariya ce, tsananin so ne. Akwai ma wani salo da ya cika littattafan nan, inda ake cewa tun fil azal an ƙaddara wance ita ce abokiyar halittar wane, da ya shaƙi ƙamshinta ya gane. Ni wannan salon ragwanci nake ɗaukarsa. Marubuciya ta huta da nuna mana dalilin da zai sa a so mutumin, ita kuma yarinyar an ƙwace mata damar cewa ba ta yi.

Shi ya sa na jinjina wa Sarah J. Maas a wuri ɗaya, na kuma yi mata tsaki a wani. A Court of Thorns and Roses ya fito a 2015. Feyre mafarauciya ce, ita ke ciyar da gidansu. Ta harbe wani kyarkeci, ashe ɗan jinsin Fae ne, wato kusan aljanun tatsuniyar Turawa, sai shugabansu Tamlin ya zo ya tafi da ita a madadin ran da ta kashe. Tsohon labarin kyakkyawa da dodo ne aka sake wa riga. A na biyu, na 2016, Tamlin ɗin nan da muka so ya kulle ta a gida da sunan yana kare ta, kuma littafin bai yi masa kwaskwarima ba, ya nuna kullen yana cinye ta. Na ce madalla. Sai kuma aka kawo Rhysand, mai shekara sama da 500, ita tana da 19 a farkon labarin, aka zauna aka wanke shi tas: duk wulaƙancin da ya yi mata a littafin farko, wai don ya cece ta ne. Aka ƙara da cewa ai shi ne abokin halittarta. To, an fitar da ita daga wani keji an sa ta a wanda ya fi faɗi, ni dai haka na gani. Na san masoyan Rhysand za su cika min akwatin saƙo. Bismillah.

Fourth Wing na Rebecca Yarros, 2023, ya fi ba ni abin da nake nema, duk da yadda mutanen ciki ke magana kamar 'yan jami'ar Amurka na yau alhali ana kan dodanni masu aman wuta. Violet jikinta ba ƙwari, gaɓoɓinta na saurin gocewa, aikin rubutu aka shirya ta yi, uwarta janar ta tura ta makarantar mahaya dodanni inda ɗalibai ke mutuwa tun ranar farko. Xaden kuwa ɗan jagoran 'yan tawaye ne da aka kashe, kuma da hannun uwar Violet a ciki. Ga gaba ta jini. Sannan dodonta da nasa ma'aurata ne, don haka in ta mutu, shi ma ransa na cikin haɗari. Dole ya tsare wadda yake da dalilin ƙi. Kun ga nan sihirin ne ya ɗaure su, ba ado ba ne aka yafa a kan labarin. Sai dai in faɗa muku gaskiya, shi da na Maas ba na yara ba ne, akwai shafukan da ba sa sakaya komai. Kada a ga dodo a bango a saya wa 'yar JS 3.

Yanzu bari in dawo kan 'yar uwar da ta ce tsigar jikinta na tashi. Ina ganin tana da hujja, kuma hujjar ta fi ta tsoro kawai. Baturiyar da ke karanta Twilight a Landan ba ta yarda akwai bamfaya ba, wasa take da tsoron da ta san ƙarya ne. Mu kuwa in aka ce aljani ya auri mace, ba almara muke ji ba. Sura guda ce a Alƙur'ani da sunansu, kuma kowa ya san gidan da aka taɓa kiran malami ya yi ruƙiyya saboda abin da ake kira namijin dare. Shi ya sa ni zan iya karanta bamfaya ina cin gyaɗa, amma labaran soyayyar aljani da marubutanmu ke sakawa a WhatsApp da Wattpad, ba na buɗe su bayan isha'i.

Mu ma fa muna da namu tun da can. Kun tuna tatsuniyar yarinyar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba? Ta kori samarin gari kaf, sai ga wani baƙo santalele, ba tabo ko ɗaya, ta bi shi, sai da aka yi nisa a daji ya koma abin da yake. Ƙashin labarin ɗaya ne da na Twilight: kyan da ya wuce na mutane, akwai abin da ke ƙarƙashinsa. Bambancin, kakanninmu sun ba da shi don a gudu, su kuma waɗannan sun juya shi ya zama abin buri. Ni na fi son littafin da ya riƙe duka biyun, ina son sa, ina kuma jin tsoronsa, har shafin ƙarshe.

Wanda ya yi min haka sosai shi ne The City of Brass na S. A. Chakraborty, 2017. A bisa dokar da na faɗa, ba littafin soyayya ba ne, fantasi ne mai soyayya a ciki. Nahri 'yar damfara ce a Alƙahira ta ƙarni na 18. Tana shirya wa mutane zar, wani abu mai kama da borinmu, don ta karɓi kuɗinsu, ita ba ta yarda da komai ba. Rannan tana cikin waƙar sai ta kira na gaske. Dara ya bayyana, jarumi, kyakkyawa, yana kare ta da ransa. Amma akwai jinin mutanen gari guda a hannunsa tun ƙarnoni da suka wuce, kuma marubuciyar ba ta zo ta ce mana ai rashin fahimta ne ba. Ya yi ɗin. Nahri na son sa, mu ma muna son sa, kuma abin da ya aikata yana nan zaune a tsakaninsu bai gushe ba. Littattafai uku ne, na ƙarshen ya fito a 2020, ba zan faɗa muku yadda aka ƙare ba. Ni dai na ajiye shi na yi shiru na ɗan lokaci kafin in iya tashi in ɗora girki.

Saboda haka 'yar uwa, in za ki gwada guda ɗaya, ki fara da wannan, da rana tsaka, ki yi addu'o'inki. Masoyan Rhysand kuma ina jiran ku, duk wadda ta kawo hujja mai ƙarfi zan karanta saƙonta a shiri na gaba. Sai mun haɗu, a gaida gida.