Idan yaronki ya ce zai haɗa fim da wayarki

Uwargida, wataƙila kin taɓa shiga ɗaki kika tarar yaronki ya jingina wayarki da gwangwanin madara, ya jera murafen kwalba a kan tabarma, yana matsar da su kaɗan-kaɗan yana ɗaukar hoto. Da kika tambaya, ya ce malami ne ya ba su aikin haɗa ɗan gajeren katun, ko kuma shi ne ya gani a YouTube yake gwadawa. Abin da ke fara zuwa ran yawancinmu shi ne caji da data, sai kuma kalmar nan "fim" da ba kowane gida ke son jin ta a bakin ɗansa ba. Kafin ki karɓe wayar, ki ɗan tsaya ki ga me yake yi, domin yaron da ke haɗa fim daban yake da wanda ya wuni yana kallo.

Katun hotuna ne masu yawa da ake nunawa da sauri har ido ya ga kamar motsi. Fim ɗin silima na nuna hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, masu katun kuma sukan rage wa kansu aiki su yi 12. Ki lissafa: minti ɗaya kacal na buƙatar hoto 720. Idan hannunsa ya bugi wayar a hoto na 300, sai komai ya karkace. Idan ya fara da hantsi ya kai la'asar, hasken ɗakin ya sauya, fim ɗin ya riƙa walƙiya. Ba wanda zai yi masa faɗa, aikin ne da kansa zai nuna masa kuskurensa, ya koma ya sake. Haƙurin da kike ta fama ki cusa masa da baki, ga shi yana koya daga murfin kwalba.

A Kaduna akwai wasu matasa 'yan uwan juna da suka kira kansu The Critics. Tun 2016 suka fara haɗa gajerun finafinan ƙagaggen kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da wani koren ƙyalle da suke ratayewa a bayansu, don su sauya wurin a kwamfuta daga baya. A intanet suka koyi aikin, ga kuma matsalar wutar lantarki da duk muka sani. A 2019 labarinsu ya zaga duniya, a 2020 kuma J.J. Abrams, wanda ya ba da umarni a finafinan Star Wars, ya aiko musu da kayan aiki daga Amurka. Ki lura da tazarar: shekara huɗu suna aiki da ɗan abin da ke hannunsu kafin manyan kaya su iso. Don haka idan yaronki ya ce sai kin saya masa kyamara kafin ya fara, ki ba shi wannan labarin.

Sana'ar ma ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Marigayi Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya daɗe yana zaune a Tawa, yana cikin waɗanda suka fara yin katun a Afirka. A 1966 ya fitar da wani gajeren katun da kwaɗi ne 'yan wasansa, yana yi wa shugabanni shaguɓe.

A ganina, darasi mafi wuya ga ɗalibai shi ne yankewa. Kusan kowane yaro da babban buri yake farawa: yaƙi, aljanu, mota mai tashi sama. Bayan kwana biyu sai ya gane ba zai iya ba, dole ya rage labarin ya koma mutum ɗaya da matsala ɗaya, kamar akuyar da ta shiga gonar maƙwabci. Daga nan kuma sai ya cire wurin da ya fi shan wahala a kansa, saboda ba ya ƙara wa labarin komai. Za ki ga ransa ya ɓaci. Ki bar shi, kada ki yanke masa shawarar, kada kuma ki sa yayansa ya ƙarasa masa don ya samu maki.

Idan aikin na rukuni ne, ki shirya jin ƙorafi. Wane bai zo ba, wance ta ce ita za ta yi muryar sarauniya ko ta fasa. A nan ne suke koyon raba aiki da cika alkawari. Sukan kuma gano a makare cewa murya ta fi hoto wahala: an gama ɗauka lafiya, sai a ji kukan zakara da ƙarar janareto sun danne maganar.

Tsoronki kuwa yana da tushe, don haka ki sa sharaɗi tun farko. A yi aikin bayan an gama na makaranta da Islamiyya, a kuma tsayar da lokacin dawo da waya. Kada a ɗora komai a intanet sai kin gani, kada a sa fuskar ɗan wani ba da izinin iyayensa ba. Daɗin katun na yumɓu ko takarda shi ne ba ya buƙatar fuskar kowa, 'yarki za ta iya ba da labarinta ba tare da ta fito a hoto ba. Akwai manhajoji irin su Stop Motion Studio da ake saukewa kyauta, kuma ɗaukar hotunan ba ya cin data.

Ranar da ya gama, ki ajiye abin da kike yi, ki kira babansa da ƙannensa a kalla tare, ko da daƙiƙa 40 ne kuma hoton na rawa. Ki tambaye shi yadda ya yi murfin ya yi tsalle, sannan ki zauna ki saurari bayanin har ƙarshe.