Yadda injin jirgin ruwa ke shafar farashin kaya a N'Djamena

Chadi ba ta da bakin teku ko na taku ɗaya. Daga N'Djamena zuwa tashar jiragen ruwa ta Douala a Kamaru tafiyar kimanin kilomita 1,800 ce. Duk da haka, da yawa daga cikin kayan ƙetare da ake sayarwa a Babbar Kasuwa da kasuwar Dembé, tun daga shinkafa da fulawa da magunguna har babura da wayoyin salula, sai da suka yi makonni a kan teku kafin jirgin ƙasa ya kai su Ngaoundéré, tirela ta bi da su ta Garoua da Maroua da Kousseri, ta tsallaka gadar Nguéli. Idan farashi ya tashi, akan ɗora laifin kan duwan da shingayen hanya da lalacewar titi, kuma da gaskiya a ciki. Amma akwai wani kaso na kuɗin da ake ƙayyadewa tun kaya ba su taɓa ƙasa ba, a ɗakin injin jirgi da kuma ƙarƙashin ruwan tashar. Wannan shi ne fagen injiniyancin jiragen ruwa, sana'ar da sama da kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan cinikin duniya ke dogara da ita.

A babban jirgi ma'aikata kashi biyu ne. Kyaftin da mataimakansa suna sama, suna kula da hanya da lodi. Ƙasa kuwa ta babban injiniya ce, wanda masu jin Faransanci ke kira chef mécanicien, tare da injiniya na biyu, na uku, na huɗu, mai kula da lantarki da masu shafa mai. A hannunsu injin da ke tura jirgi yake, da janaretocin wuta, da famfuna, da na'urar juya akalar jirgi, har da ruwan sha. Ruwan teku suke tafasawa da zafin da injin ke zubarwa, su tara tururin ya zama ruwan daɗi. A tsakiyar teku ba gareji, ba mai sayar da kayan gyara. Abin da ya lalace, su za su gyara shi, wani lokaci su ƙera madadinsa da kansu.

Bakaniken da ya saba da injin tirela zai gane na jirgi, domin shi ma dizal ne, sai dai girman ya wuce misali. Jirgin kwantena mai suna Emma Maersk, wanda ya fara aiki a 2006, yana da inji mai silinda 14, kowace silinda faɗinta santimita 96. Nauyin injin kaɗai ya kai tan 2,300, tsayinsa kamar bene mai hawa huɗu, ƙarfinsa kimanin megawat 80. Amma juyi 102 kacal yake yi a minti ɗaya, alhali injin mota ko a tsaye yake ya ninka haka sau da yawa. Dalili shi ne babbar farfela ta fi tura ruwa da kyau idan tana juyawa a hankali, don haka ake haɗa ta da injin kai tsaye, ba giya a tsakani. Ba a tayar da shi da batir, iska ake matsewa a cikin tankuna a sake ta cikin silindoji. In ana son komawa baya, sai a kashe injin a sake tayar da shi yana juyawa ta ɗaya ɓangaren. Jirgi ba shi da birki, kuma wannan na daga cikin abin da ya sa ɗaukewar wuta a kusa da tasha take da haɗari. A ranar 26 ga Maris 2024 wuta ta ɗauke wa jirgin Dali yana fita daga Baltimore a Amurka, ya daki ginshiƙin gada, gadar ta rushe, ma'aikatan gyaran titi shida suka mutu.

Inda aljihun ɗan kasuwa ya fi shiga shi ne batun mai. Babban jirgin kwantena yana iya shan fiye da tan 100 a rana. Shekara da shekaru jiragen suna ƙona baƙin mai, wato gurɓin da ya rage bayan matata ta cire fetur da kananzir da dizal. Kaurinsa kamar kwalta, sai an dumama shi ya haura digiri 100, an tace ruwa da datti, kafin ya ƙonu. Yana da arha, amma hayaƙinsa cike yake da farar wuta. Daga 1 ga Janairu 2020 hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IMO, ta rage yawan farar wutar da aka yarda a samu a man jirgi daga kashi 3.5 zuwa kashi 0.5 cikin 100. Kamfanoni suka rabu biyu: wasu suka koma mai mai tsabta da tsada, wasu suka girka na'urar wanke hayaƙi. Ko wanne aka zaɓa, ƙarin kuɗin yakan bayyana a takardar dakon kwantena, daga nan ya biyo tirela har Nguéli.

Akwai kuma lissafin gudu, wanda nake ganin ya kamata kowane malamin kimiyya ya riƙa ba ɗalibansa shi a aji. Ƙarfin da jirgi ke buƙata yana tashi ne daidai da gudunsa an ninka shi da kansa sau uku. Ma'ana, idan aka rage gudu da kashi 10 cikin 100, man da ake sha a rana zai ragu da kimanin kashi 27, kuma ko an cire ƙarin kwanakin tafiya, ribar tana kusan kashi 19. Shi ya sa tun bayan tsadar mai da rikicin kuɗi na 2008 kamfanoni suka rungumi tafiyar hawainiya da gangan. Mai jirgi ya ci riba, ɗan kasuwar da ya ci bashi ya yi odar kaya daga Sin kuwa sai ya ƙara kwanakin jira.

Sai tashar kanta. Douala ba a bakin teku sosai take ba, a cikin kogin Wouri take, kuma jirgi sai ya bi mashigi mai tsawon kimanin kilomita 50 kafin ya iso. Laka da yashi ba sa daina taruwa a mashigin, zurfinsa kuma kimanin mita bakwai ne, don haka yasa ba ta ƙarewa, jirage kuma kan jira cikar teku. Manyan jiragen zamani suna nutsewa mita 14 zuwa 16 idan sun cika. Ba za su shiga ba. Sai su sauke kwantena a tashoshi masu zurfi irin su Lome da Pointe-Noire, ƙananan jirage su ƙarasa da su. Kowace saukewa da sake lodi kuɗi ce da lokaci. Tashar Kribi da ta fara aiki a Maris 2018, mai zurfin mita 16, an gina ta ne don magance wannan, kodayake har yanzu babu layin dogo da ya haɗa ta da arewa.

Kribi ta shafi Chadi ta wata fuskar da ta fi wannan nauyi. Bututun mai na kilomita 1,070 da ya taso daga yankin Doba, wanda ya fara aiki a 2003, a cikin teku yake ƙarewa, a jikin wani jirgi mai suna Komé-Kribi 1 da ke ɗaure kilomita goma sha wani abu daga gaɓa. Tsohuwar tankar mai ce da aka mayar rumbun ajiya, tana ɗaukar kimanin ganga miliyan biyu, kuma daga ita tankokin masu saye ke lodi. Wato ɗanyen man da baitulmalin Chadi ya fi dogara da shi yana ratsa famfuna da bututai da tankunan jirgi guda ne, wanda gishirin teku ke cin ƙarfensa dare da rana. Masu auna kaurin ƙarfen nan da masu gyaran famfunan nan injiniyoyin ruwa ne. In jirgin ya tsaya na tsawon lokaci, bututu ma zai tsaya.

Rashin teku bai hana ɗan ƙasa shiga wannan sana'a ba. Habasha ta rasa gaɓarta a 1993 da Eritiriya ta ɓalle, amma tana da kamfanin jiragen teku, kuma a Bahir Dar, bakin tafkin Tana, akwai cibiyar da ke ɗaukar waɗanda suka karanta injiniyancin kanikanci da lantarki ta horar da su don aiki a jiragen ƙasashen waje. Chadi mamba ce a ƙungiyar harkokin teku ta yammaci da tsakiyar Afirka, OMAOC, tare da Nijar da Mali da Burkina Faso da Afirka ta Tsakiya, kuma yankin yana da makarantu biyu na haɗin gwiwa: ARSTM a Abidjan ga masu Faransanci, da jami'ar harkokin teku ta Accra ga masu Ingilishi. Najeriya tana da tata a Oron.

Karatun aji ba shi ne mai wuyar ba. Yarjejeniyar STCW ta 1978, wadda ta tsara takardun shaidar ma'aikatan jirgi a duniya, ta shardanta cewa kafin a ba mutum shaidar injiniyan da zai riƙe ɗakin inji, sai ya yi aƙalla wata shida yana aikin gadin inji a kan teku ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Samun wannan gurbi a jirgi shi ne ke tsayar da ɗalibai da yawa, har a ƙasashen da ke da teku. Habasha ta bi ta hanyar haɗa gwiwa da kamfani mai zaman kansa da ke nema wa ɗalibanta gurabe. A ganina duk wani shirin tallafin karatu da N'Djamena za ta yi a wannan fanni, daga yarjejeniyar gurbin jirgi ya kamata ya fara, kuma wuri mafi kusa da za a nemi gurbin shi ne wajen kamfanonin da suke samun kuɗi daga dakon kayan Chadi da manta.