Matan da Ke Ciniki a Bakin Iyaka

Tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar akwai iyaka mai tsawon kilomita wajen 1,500. Manyan ƙofofinta sanannu ne: Illela da Birnin Ƙonni, Jibiya da Ɗan Isa ta hanyar Maraɗi, Kamba da Gaya, da kuma Maigatari inda kasuwa take ci ran Alhamis. Mata da yawa suna bin waɗannan hanyoyi. Daga Nijar sukan kawo albasa da aya da dabino da kanwa. Daga Nijeriya kuwa sukan kai manja da doya da atamfa da kwanuka. Da ribar nan ake sayen cefane, ake biyan kuɗin makaranta.

Wahalar da take sha

Babban ɗan kasuwa yana da wakili mai cika masa takardu. Mace mai buhu biyu ba ta da kowa. Sau da yawa ba ta iya karatu ba, takardun kuwa da Turanci suke a wannan gefe, da Faransanci a wancan. In aka ce mata, "Kawo kaza," ba ta san ko kuɗin fito ne na gwamnati ko na aljihu ba. Kayanta kuma masu lalacewa ne, ga goyo a baya, ga rana tana yi. Sai ta biya don ta wuce. A shinge na gaba ma haka. Wata kuma akan ci mutuncinta wajen bincike. Saboda haka waɗansu sukan ratsa daji, su faɗa hannun 'yan fashi. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Me doka ta ce?

A shekarar 1975 aka kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas. A 1979 ƙasashenta suka yarda ɗan kowace ƙasa ya shiga wata ya yi kwana 90 ba biza, muddin yana da takardar tafiya. Suka kuma yarda amfanin gona da aikin hannu na yankin su wuce ba kuɗin fito. Ashe mata da yawa sun daɗe suna biyan abin da doka ta yafe musu.

Amma doka takan juya. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka sake rufewa, sai a Maris 2024 aka buɗe. A cikin 2024 ɗin Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa yawancin ƙasashe, a Janairu 2025 kuma ta fita daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. A lokacin ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar mutanensu da kayansu kamar dā, sai an ji wata sanarwa. Mai rediyo da jarida yakan ji irin wannan labari da wuri. Mai ƙaramin jari takan ji shi ne a bakin shinge, bayan an ƙwace kayanta.

Abin koyi daga waɗansu wurare

A gabashi da kudancin Afirka, ƙasashen ƙungiyar COMESA irin su Zambiya da Malawi suna da tsari mai sauƙi domin ƙananan 'yan kasuwa. Mai kayan da ba su wuce dala 2,000 ba takan cika gajeriyar takarda, a waɗansu ƙofofi kuma akwai ma'aikaci mai yi mata bayani. A Fabrairu 2024 shugabannin Afirka suka amince da wata yarjejeniya a kan mata da matasa cikin ciniki. Takarda dai ba ta sauke wa kowa kaya sai an yi aiki da ita. Ya kamata a kafa allon kuɗin fito da Hausa a kowace ƙofa, a ƙara mata cikin ma'aikatan kwastan domin mace ta binciki mace, a kuma buɗe wurin kai ƙara.

Namu aikin a gida

Uwargida, ki nemi takardar tafiya tun kafin ki tashi. Ki tambayi kayan da aka hana. Duk abin da kika biya, ki ce a ba ki rasit. Ku yi tafiya a ƙungiya, ku sa mai karatu a cikinku, gama tsintsiya ɗaya ba ta shara. Ƙungiyar da ta iya adashi za ta iya aika wakiliya wurin shugaban kwastan.

Maigida, kada ka taɓa jarin matarka, kuma ka lura da yara ranar kasuwa. Yara 'yan makaranta, ku zauna da Mama da dare ku rubuta mata abin da ta saya da abin da ta kashe a hanya. Kai kuma ɗan'uwa mai kaki, in ka ga mai buhu biyu a gabanka, ka tuna wataƙila irin buhunan nan ne suka kai ka makaranta.