ISKANDARIYA: AMARYAR BAHAR RUM DA TEKU KE NEMAN CINYEWA

Duk lokacin da zafin bazara ya tsananta a Alƙahira, ma'aikata da 'yan makaranta kan cika tashar jirgin ƙasa, kowa da jakarsa, an nufi arewa. Bayan tafiyar kilomita 200 da 'yan kai sai a sauka Iskandariya, birni na biyu a girma a ƙasar Masar, wanda mutanen ƙasar ke yi wa kirari da Amaryar Bahar Rum. Ita kanta hanyar jirgin abin tarihi ce, domin tun 1856 aka gama shimfiɗa ta, kuma ita ce ta fari a nahiyar Afirka.

Sarki Iskandar na Makidoniya ne ya kafa birnin a shekarar 331 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Girkawa suka mulke shi, Rumawa suka karɓa, sa'an nan rundunar Musulmi a ƙarƙashin Amru ɗan Asi ta shige shi wajen 642 Miladiyya. Kowannensu ya bar alamarsa, shi ya sa mai yawon buɗe ido kan ratsa zamani uku ko huɗu a wuni guda.

Galibin baƙi kan fara da Ganuwar Ƙaitbai, wadda ke tsaye a bakin tashar jiragen ruwa ta gabas. Sarkin Masar Ƙaitbai ne ya sa harsashinta a 1477, a daidai inda tsohuwar hasumiyar haska jiragen ruwa take. Wannan hasumiya, wadda tsawonta ya haura mita 100, tana cikin abubuwan mamaki bakwai na duniyar dā, amma girgizar ƙasa ta 1303 da ta 1323 suka rugurguza ta. A 1994 masu nutso suka iske manyan duwatsunta zube a ƙarƙashin ruwa, daf da ganuwar.

Ba nisa daga nan akwai masallacin Abul Abbas Almursi, wani malamin ɗariƙar Shaziliyya ɗan asalin Andalus, wanda ya rasu a Iskandariya a ƙarni na 13. A gefensa kuma ga masallaci da hubbaren Imam Busiri, mai Alburda. Duk wanda ya taso yana jin ana rera wannan ƙasida a zaurukan malamai da wuraren mauludi na ƙasar Hausa, to, ga inda mai ita yake kwance, ana jin ƙarar igiyar ruwa daga ƙofarsa.

Ga ɗalibai kuwa, babu inda ya kai sabon Ɗakin Karatu na Iskandariya, wanda aka buɗe a watan Oktoba na 2002. An yi rufinsa kamar faifan rana mai fitowa daga teku, an kuma sassaƙa haruffan rubuce-rubucen duniya har iri 120 a jikin bangonsa na dutsen Aswan. An tsara shi ya ɗauki littattafai miliyan 8. An gina shi ne don tunawa da tsohon ɗakin karatun birnin, wanda masana tarihi ke ganin ba gobara ɗaya ce ta cinye shi ba. Yaƙe-yaƙe da sakacin masu mulki ne suka ƙarar da shi sannu a hankali.

A kudancin birnin akwai Amudus Sawari, wani ginshiƙin jan dutse mai tsawon kusan mita 27, wanda aka kafa wa Sarkin Rum Diyokletiyan wajen shekarar 300 Miladiyya. Kusa da shi akwai makabartar ƙarƙashin ƙasa ta Kom Shuƙafa, hawa uku, wadda aka sassaƙa cikin dutse a ƙarni na 2. A 1900 aka gano ta, kuma labarin da 'yan rakiyar baƙi ke bayarwa shi ne, jaki ne ya rufta cikin rami, asirin ya tonu. Har ila yau, gidan kayan tarihin Girkawa da Rumawa, wanda aka rufe a 2005 don gyara, ya sake buɗe ƙofofinsa a 2023.

Masu sha'awar siyasa ma ba za su koma hannu rabbana ba. A fadar Ra'asut Tin ne Sarki Faruƙ ya sa hannu a takardar murabus ranar 26 ga Yuli, 1952. Bayan shekara huɗu cif, a dandalin Manshiyya, Shugaba Jamal Abdul Nasir, wanda haifaffen birnin ne, ya yi shelar mai da Mashigin Suwais hannun gwamnatin Masar.

Sai dai kuma tekun da ke kawo wa birnin baƙi da kifi da ciniki, shi ne babban abin fargabarsa. Tun a shekarar 365 Miladiyya wata ambaliyar teku ta yi masa mummunar ɓarna, kuma unguwar fādodin sarakunan Girkawa, har da ta Sarauniya Kiliyobatra, tana ƙarƙashin ruwan tashar gabas. A yau ruwan teku na ƙara hawa saboda ɗumamar duniya, ƙasar bakin Kogin Nilu kuma na nitsewa a hankali. Bugu da ƙari, madatsar ruwan Aswan da aka gama a 1970 ta tare laka da yashin da kogin ke kawowa yana cike gaɓa. A watan Oktoba na 2015 ruwan sama ya mamaye titunan birnin, aka yi hasarar rayuka, har gwamnan lardin ya ajiye aiki.

Hukuma ta jibge dubban tubalan kankare a gindin Ganuwar Ƙaitbai da wasu sassan gaɓar don karya ƙarfin igiyar ruwa. Da la'asar sakaliya jama'a kan zauna a kansu, wasu na jefa ƙugiya, wasu na cin gasasshiyar masara, yara na guje-guje. Fiye da mutum miliyan 5 ne ke kwana a bayan waɗannan tubala, tare da tarihin shekara 2,300 da ɗoriya.