Wasan Golf a Tsohon Filin Masalbara

Galibin mutanenmu in sun ji an ambaci golf, sai su ce ai wasan manya ne, na masu mota da yaran ɗaukar jaka. Suna da hujja, gama a wurare da yawa sai ka shiga kulob, ka biya kuɗi masu nauyi, kana a bar ka ka taka filin. Amma a ƙasar Sikotlan, inda wasan ya samo asali, ba haka abin ya faro ba. Can a filin gari a kan yi shi, a bakin teku, inda yashi ya hana noma. Har yau akwai irin waɗannan filaye, ɗaya daga cikinsu kuwa shi ne na Masalbara, wani gari mai nisan mil shida gabas da birnin Edinbara.

Filin nan na jama'a ne. Kowa ya zo ya biya kuɗin zagaye ɗaya sai ya shiga, ba mai tambayarsa ko shi ɗan wane ne. A shekarar 2024 kuɗin zagaye ɗaya a tsohon filin Sant Andurus ya haura fam 300 lokacin zafi, na Masalbara kuwa bai ko kusanci rubu'in haka ba. Kada arahar ta ruɗe ka. Akwai shaida a rubuce cewa an yi golf a nan tun 1672. Babbar gasar nan da a ke kira Open sau shida aka yi ta a filin tsakanin 1874 da 1889. Mata masu tallar kifi na garin kuma sun yi tasu gasar a 1811.

Abin da zai fara ba baƙo mamaki shi ne, filin yana cikin filin sukuwa. Tun 1816 a ke tseren dawaki a wurin, shingen sukuwar ya kewaye yawancin ramukan. Wani lokaci dole ka buga ƙwallo ta tsallake shinge, kai kuma ka bi ta.

Ga yadda wasan ya ke. Manyan filaye ramuka 18 gare su, Masalbara tara kaɗai. A wajen kowane rami akwai mafari, inda za ka ɗora 'yar farar ƙwallo bisa wani ɗan tsinke, ka buge ta da sanda mai lanƙwasasshen kai. Duk inda ta faɗi, nan za ka same ta ka sāke bugawa, ba ka taɓa ta da hannu. Haka za ka yi ta kora ta har ta kai wani wuri da aka aske ciyawarsa sumul, inda ramin ya ke, da tuta a cikinsa. Wanda ya zagaye ramuka duka da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Gwani ana sa ran ya gama taran nan da bugu 34. Ɗan koyo in ya gama da 55, sai ya gode Allah.

Ramin kansa ɗan ƙarami ne, faɗinsa inci huɗu da kwata. Wannan awo daga nan garin ya fito. A 1829 'yan wasan Masalbara suka sami wani ƙarfe na yanka rami mai wannan faɗi, daga baya masu tsara dokokin golf a Sant Andurus suka mai da shi doka. Watau ko'ina cikin duniya ka ga attajiri ya sunkuya yana auna ramin golf da ido, awon Masalbara ya ke bi, ko ya sani ko bai sani ba.

Filin shimfiɗaɗɗe ne, ba tudu ba kwari, sai mutum ya zaci abin banza ne. Iskar teku ita ce magabciya. Ka buga ƙwallo sama tana tafiya sak, iska ta karkatar da ita, ta jefa ta cikin doguwar ciyawa ko cikin ramin yashi da aka haƙa musamman don tarko. Saboda haka tsofaffin garin ba su cika ɗaga ƙwallo ba. Ƙasa ƙasa su kan buga ta, ta yi ta gangarawa bisa ƙasa mai tauri har ta isa. A ganina nan daɗin wasan ya ke, gama dattijo mai dabara ya kan ka da saurayi mai ƙarfi. Wanda ya so ya ɗanɗana wasan mutanen dā, a kan ba shi hayar sanduna masu ƙotar itace irin nasu. Ba su kai ƙwallo nesa kamar na ƙarfe, kuma ba su yafe kuskure.

Da ya ke ba alƙali a wasan yau da kullum, kowa shi ke ƙidaya bugunsa, ya faɗa wa abokin wasansa gaskiya, har da wanda ya kai sanda ya kuskure ƙwallon. In mutum zai buga, saura su yi tsit. In sandarka ta ɓamɓare ciyawa, ka mai da ita ka take. In ka shiga yashi, ka share sawunka da manjagara don na bayanka. In kuwa ka ga kana ɓata lokaci wajen neman ƙwallo, sai ka ɗaga wa masu binka hannu su wuce. A filin jama'a wannan na ƙarshe ya fi kome, don mutane da yawa daga aiki suka taso, suna so su gama kafin duhu.

Zagayen ya kan ɗauki kamar awa biyu, a ƙasa, kana ɗauke da jakarka ko kana jan ta a 'yar keke. A rami na tara, bayan ƙwallo ta ƙarshe ta faɗa, sai a tuɓe hula a yi musafaha. Amma kafin ka kama hanya daga Edinbara, ka tambaya ko akwai sukuwa ran nan, gama ranar tsere filin na dawaki ne.