Yadda Ake Kafe Wayar Na'urar Bugun Zuciya

Ana dasa na'urar daidaita bugun zuciya a ƙarƙashin fatar ƙirji, ƙasa da kafaɗa, sannan a zura siririyar waya ta jijiyar jini har cikin zuciya. Zuciya kuwa ba ta hutawa: tana bugawa kusan sau 100,000 a rana. Idan kan wayar ya goce, saƙon lantarki ba zai isa ba, mara lafiya ya koma jiri ko suma.

A ɓangaren dama na zuciya, wata wayar tana da 'yan ƙayoyi masu laushi da ke maƙalewa a tsakanin zaruruwan tsoka. Wata kuma tana da ɗan murɗaɗɗen ƙarfe kamar sukuru, wanda likita ke juyawa ya nutse cikin naman zuciya, yana duba hoton ciki.

Wayar ɓangaren hagu ta fi wuyar sha'ani. Cikin jijiyar da ke kewaye bayan zuciya take zama, bangonta kuwa siriri ne. Saboda haka galibi ana ƙera ta a lanƙwashe, ta tokare bangon jijiyar da kanta. A mashigar wayar kuma, likita kan ɗinke ta ga tsokar ƙirji.

Cikin makonni, nama kan tsiro ya lulluɓe wayar ya riƙe ta gam. Kafin nan ana hana mara lafiya ɗaga hannun gefen da aka dasa na'urar sama da kafaɗa ko ɗaukar kaya mai nauyi, gargaɗin da bai kamata a yi wasa da shi ba. Wannan naman ne kuma ke sa cire tsohuwar waya ya zama aikin ƙwararru kaɗai.